Katako ko Ƙarfe? Hasumiyar Kallon Tsuntsaye a Dajin Dinder

A bakin fadamun gandun dajin Dinder na ƙasar Sudan, waɗanda ake kira maya, ƙasar ce ke yanke hukunci. Baƙar laka ce: da damina ta kumbura, da rani ta tsattsage, duk tushen da bai nitse ba sai ya karkace.

Katakon bagaruwa, sunut a bakin mutanen jihar Sennar ta Sudan, yana da tauri, da shi ake shimfiɗa layin dogo. Ba ya ƙara in an taka, tsuntsu ba ya firgita, hannu ba ya ƙuna a zafin Afirilu. Matsalarsa ruwa, gara da gobarar daji. A ɗora ginshiƙan kan takalmin ƙarfe, wato mariƙin da ke raba katakon da ƙasa, kamar santimita 30 sama da iyakar ambaliya, a share ciyawa kewaye kafin rani. Kusoshin noti kan saki idan itacen ya bushe, a ƙara ɗaure su duk shekara.

Ƙarfen da aka shafe da zinki don hana tsatsa ya fi daɗewa, ana kwance shi a kwashe. Amma waldar da aka yi a wurin tana ƙone zinkin, tsatsa daga nan take farawa.

Mu dai mun fi yarda da ƙafafun ƙarfe, dandamali da matakala na katako.