Merlin Bird ID, manhajar gane tsuntsaye, ra'ayina

Jama'a duk mai sha'awar tsuntsaye ya sauke Merlin Bird ID a wayarshi, kyauta ce, jami'ar Cornell ta Amurka ta yi ta. Ka ɗauki hoton tsuntsu ka saka, ta jero maka waɗanda take zaton shi ne har da kukansu. A bakin tabkin Madarunfa na gwada ta da balbela, nan take ta gane, sai dai in rezo ya yi rauni ka sauke bayanan tsuntsayen a cikin manhajar tun a gida.

Abinda ya fi burge ni a cikin manhajar wasu ƴan mitsi-mitsin tsuntsaye ne masu cafke ƙwari a iska, Empidonax, babu su nan Maradi sam, a nahiyar Amurka kawai suke, sun fi iri 10 kuma wallahi kamar an tsaga kara, duk toka-toka da ɗan kore, farin zobe a ido, zane biyu a fiffike. Masana ma da kuka suke rarrabe su, iri biyu daga cikinsu, traillii da alnorum, ma sai a 1973 aka raba su, da can iri ɗaya ake ɗaukarsu. Na ta danna kukansu har yara suka taru suna dariya.