Ƙamus ɗin Oxford na masu koyo: mun gwada shi da begin da start

Hanya mafi sauƙi ta gane ingancin ƙamus ita ce a duba yadda ya yi da ƙaramar kalmar da kowa ke ganin ya sani. Shi ya sa muka auna Oxford Advanced Learner's Dictionary, bugu na 10 da ya fito a 2020, da begin da 'yar uwarta start.

Asalin littafin aikin A. S. Hornby ne, malamin Turanci da ya koyar a Japan, kuma Oxford ta fara buga shi a 1948. Abin da ya dame shi shi ne ɗalibi ya san ma'anar kalma amma ya kasa sa ta a jimla. Har yau nan ne ƙarfin ƙamus ɗin yake.

A ƙarƙashin begin, abu na farko da za ka gani shi ne sigoginta: began, begun, beginning. Wannan layi ɗaya ya isa ya ceci maki a WAEC ko NECO, don "the exam has began" kuskure ne da masu maki ke cin karo da shi kullum. Bayan has, have ko had, begun ake sawa. Dalilin ruɗanin a kunne yake: bakin Bahaushe yakan furta began da begun kusan iri ɗaya, sai hannu ya bi baki. Haka kuma beginning, n biyu ne a tsakiya, ba ɗaya ba.

Inda littafin ya fi cin kuɗinsa shi ne ɗan akwatin da ya kwatanta begin da start. Ya nuna cewa a mafi yawan wurare ma'anarsu ɗaya, sai dai start ta fi yawa a baki, begin kuma a rubutu. Amma akwai inda begin ba ta shiga sam. Ba a cewa "begin the car" ko "begin the generator". Nan Hausa ma tana taimakawa: duk inda za ka ce tayar da mota ko tayar da janareta, start ce. Tashi tafiya ma haka, "we start at dawn", da kafa sana'a, "start a business". Inda Hausa ta ce fara ko soma, yawanci kowacce ka ɗauka ta yi.

Sai abin da ke biyo bayansu. "It began to rain" da "it began raining" duk daidai ne. Abin da ba a yi shi ne a haɗa biyun, "it started to raining". Idan kuma begin ko start ɗin ce ke ɗauke da ing, dole ta gaba ta ɗauki to: "I am beginning to understand". Misalan littafin sun kuma raba begin with, wadda sunan abu ke bi, da begin by, wadda aikatau mai ing ke bi, kamar "begin by washing the rice".

Commence an yi mata alamar kalmar ofis da taro. Ya kamata masu rubuta takardun gayyata su karanta wannan, don a Najeriya an mayar da ita gishirin miya, har wasan ƙwallon unguwa sai an ce zai commence.

Akwai naƙasu. Bayanin duk da Turanci yake, kuma ko da an sauƙaƙa kalmomin, yaron ƙaramar sakandare zai sha wuya idan ba malami a kusa. Rubutun ƙanana ne ƙwarai, littafin kuma nauyi gare shi. Duk da akwatin nan, sauran bayanin bambancin kalmomin ya rarrabu, sai ka duba begin, ka koma start, sannan ka haɗa da kanka. Alamomin furuci kuwa ba sa amfanar wanda ba a koya masa su ba. Gara ya shiga shafin ƙamus ɗin na intanet, wanda kyauta ne, ya danna ya ji lafazin Ingila da na Amurka.

Mai saye ya yi hattara da jabu, don sun cika kasuwa. Buɗe tsakiyar littafin ka duba alamomin furucin: a jabu tawada takan cushe su har ba a rarrabe wasalin began da na begun. Duba lambobin shafi ko wasu sun yi tsalle, ka kuma tabbatar jadawalin aikatau marasa bin ƙa'ida yana nan. Ga ɗalibin babbar sakandare, mai shirin JAMB, ko ma'aikacin da ke rubuta wasiƙun ofis, ya cancanci a saya. Wanda fassara zuwa Hausa kawai yake nema, ƙamus na Turanci da Hausa ya fi dacewa da shi.