Ɗan sarkin da aka rufe wa fuska: sharhina kan littafin Dumas

A wurin wani mai sayar da tsofaffin littattafai na tsince shi, ƙarƙashin tulin littattafan jarrabawa, bangon ya ɗan sha ruwa. The Man in the Iron Mask, wato mutumin da aka sa wa takunkumin ƙarfe, na Alexandre Dumas, fassarar Ingilishi. Na saya da zumuɗi saboda na taɓa kallon fim ɗin da aka yi a kansa a 1998, ina ganin ai na san labarin. Mako uku na yi ina bin sa bayan sallar isha'i, wani daren da fitilar waya.

Ƙorafina na farko yana kan waɗanda suka buga kwafin da na samu. Ko a bango ba su faɗa wa mai saye cewa wutsiyar wani dogon littafi ce ya riƙe ba. Dumas ya riƙa fitar da labarin kashi-kashi a jarida tsakanin 1847 da 1850 da sunan Le Vicomte de Bragelonne, shi ma kuma na uku ne a jerin labaran dakarun sarkin Faransa, su Athos da Porthos da Aramis da d'Artagnan. Masu bugawa da Ingilishi ne suka yanko ƙarshen suka raɗa masa suna. Sai ka ji ka kamar wanda ya iso gidan biki bayan an ɗaura aure, kowa ya san kowa, kai kaɗai ke raba ido. Sai da na samu takarda ina rubuta sunaye, musamman da na tarar Philippe biyu ne a gidan sarautar: ƙanin sarki da duniya ta sani, da kuma wanda aka ɓoye.

Amma da Aramis ya shiga kurkukun Bastille da dare, a matsayin malamin coci da ya zo jin iƙirarin wani fursuna, na manta da duk wannan. Saurayin da ke ɗakin bai san laifinsa ba, bai san uwarsa ba, bai san ubansa ba. Abin da ya sani shi ne ya tashi a wani gida a Noisy-le-Sec, hannun wani malami da wata tsohuwa mai reno, ba ya zuwa ko'ina, wata mata mai alfarma kuma takan zo duba shi jefi-jefi. Wata rana iska ta kwashi wata wasiƙa daga teburin malamin ta jefa rijiya. Ya ji yadda hankalinsu ya tashi, da suka fita neman mai shiga, shi ya riga su, ya bi igiya ya ɗauko ta. Daga jiƙaƙƙiyar takardar nan ya gane ba ɗan talaka ba ne. Sanyin rijiyar ya sa masa zazzaɓi, cikin sambatu ya tona wa kansa asiri, aka kwashe shi sai kurkuku. Masu renonsa kuwa ba a sake jin ɗuriyarsu ba.

Inda Dumas ya gama da ni shi ne batun madubi. Gidan da yaron ya tashi babu madubi ko ɗaya, kuma da gangan aka yi haka. Aramis ya miƙa masa hoton Sarki Louis na 14, ya bar shi ya ƙare masa kallo, sannan ya miƙa masa madubi. Ba a buƙaci shaida ko rantsuwa ba, fuskarsa ce ta gaya masa ɗan wane ne. Sau biyu na karanta wannan babi.

Dalilin ɓoye shi ma ya ja hankalina. A zahiri Louis na 13 da matarsa Anne sun shekara 23 da aure kafin a haifi magaji a ranar 5 ga Satumba 1638. Dumas ya ƙara da cewa bayan an gama shelar haihuwa, da dare sai sarauniya ta sake haifo wani namijin. Tsoron uban shi ne akwai masana da ke cewa a tagwaye wanda ya fito daga baya shi ne babba, kuma 'yan sarki biyu masu hujja ɗaya yaƙin basasa ke nan. Na yi murmushi a nan, domin mu dai Hassan ne gaba da Husaini ba gardama, amma maƙwabtanmu Yarabawa na cewa Kehinde ne babba, shi ya aiki Taiwo ya fara leƙo duniya. Ashe musun ya kai har fadar Faransa.

Aramis ba don Allah yake yi ba, kujerar Fafaroma yake hange. Shirinsa shi ne ya fito da Philippe daga kurkuku ya musanya shi da Louis. Kafin su isa inda za a yi aikin ya ba shi zaɓi: ko ya ɓuya a wani lungu cikin fadamar Poitou ya rayu hankali kwance, ko ya karɓi gadon ubansa. Yaron ya zaɓi sarauta. Aka yi musanyar a gidan Vaux, a liyafar da ma'ajin ƙasa Nicolas Fouquet ya shirya wa sarki, wadda a tarihi ma an yi ta a ranar 17 ga Agusta 1661. Gadon da Louis ke barci a kai ya nutse da shi ƙasa, aka wuce da shi Bastille, ɗan'uwansa ya kwanta a gurbinsa. Shirin ya rushe ne a hannun wanda aka yi domin a cece shi. Da Aramis ya buɗe wa Fouquet cikinsa, sai ma'ajin ya ce ba za a ci amanar baƙonsa a ƙarƙashin rufinsa ba, ya garzaya da kansa ya fito da sarkin da ke shirin ɗaure shi. Ko yini ɗaya Philippe bai cika a kan karaga ba.

Daga nan ne raina ya ɓaci. Tagwayen sun tsaya fuska da fuska a gaban uwarsu, ita kuma ba ta iya buɗe baki ta kare wanda ta yasar ba. Louis ya ba da umarni a rufe masa fuska da ƙarfe a kai shi tsibirin Sainte-Marguerite. Sau ɗaya muka sake ganinsa da kyau, lokacin da ya kankare bayanin kansa a jikin farantin azurfa ya wurgo ta taga. Shi ke nan. Littafin da ke ɗauke da sunansa ya ajiye shi a gefe alhali da sauran shafuka masu yawa, kuma babu wanda ya koma ta kansa. Kwana biyu na yi ban buɗe ba saboda haushi. Da na huce na ga Dumas bai yi ƙarya ba: yaron ya gano asalinsa, amma ba shi da soja ko ɗaya, kuma wanda ya ɗauko shi ya tsere ya bar shi.

Ragowar littafin mutuwar tsofaffin abokai ce. Ta Porthos ta fi taɓa ni, ƙaton da ya shiga makircin bai ma san me ake ƙullawa ba, duwatsu suka danne shi a wani kogo a Belle-Île. Soyayyar Raoul, ɗan Athos, kuwa ta gundure ni, na riƙa tsallake shafi.

Ga mai son sanin gaskiyar tarihi: fursunan ya wanzu. An kama shi a 1669, ya shekara 34 a hannun yari ɗaya, Saint-Mars, daga kurkukun Pignerol zuwa Exilles, zuwa Sainte-Marguerite, zuwa Bastille a 1698. Ya mutu a ranar 19 ga Nuwamba 1703, aka binne shi da sunan Marchioly. Jami'in Bastille da ya gan shi ya rubuta cewa takunkumin na baƙin karammiski ne. Marubucin Faransa Voltaire ne ya yaɗa batun ƙarfe da na ɗan'uwan sarki. Wasiƙun gwamnati kuwa Eustache Dauger suke kiransa, kuma bara ne, har ya yi wa Fouquet hidima a Pignerol bayan shi ma an ɗaure shi.

Wanda ya zo da fim ɗin a kansa ya shirya: a littafin ba d'Artagnan ne uban tagwayen ba, shi ne ma ya kama Philippe, kuma babu ceto a ƙarshe. Na ba shi huɗu cikin biyar, na cire ɗaya saboda Raoul da kuma rashin ko shafi guda na gabatarwa. Na koma wurin mai littattafan neman kashin farko, ya ce in leƙo bayan sallah.