Toshe shi ko kai shi komisariya: amsa ga mai gwanjon da mai saye ya tasa a gaba

Ƙanwata, na karanta tambayarki har sau biyu. Ga waɗanda ba su gani ba: tana gwanjon shadda da atamfa a wani gurup na WhatsApp duk daren Asabar. Wani ya ci tayin shadda mita biyar a jika 45, kwana uku bai turo ko dala ba, sai ta sallama wa wanda ya bi masa a tayi. Daga nan ya shiga zazzaga mata ashar har da iyaye, ƙarshe ya turo saƙon murya yana cewa ya san ƙofar gidansu a unguwar Bukoki a nan Yamai, kuma za ta gani. Tana so ta san wanne ya fi: ta toshe shi ta huta, ko ta kai shi ƙara.

Kafin ki zaɓi magani ki fara sanin ciwon. Mai zagi daban, mai barazana daban, ko da bakinsu ya yi kama. Mai zagi haushi ne ya cika shi, an ƙwace masa kaya a gaban jama'a, yana neman inda zai sauke. Kwana biyu zuwa uku ya gaji. Mai barazana kuwa ya faɗi abin da zai yi miki, ko ya nuna ya san inda kike kwana. Naki ya fara a na farko, amma daga ranar da ya ambaci gida ya koma na biyu.

Toshewa dai ba ta cin ko sisi, kuma nan take zuciya ta yi sanyi. WhatsApp ba ya gaya masa an toshe shi, sai dai ya ga saƙonsa ya tsaya a maki ɗaya. Ga mai zagi kawai wannan ya wadatar, don wuta in ba a ƙara mata itace ba mutuwa take. Amma akwai abu uku da mutane ba su cika sani ba. In kuna gurup ɗaya, toshewa ba ta raba ku a can, yana ganin abin da kika sa, kina ganin nasa, sai admin ya fitar da shi. Sannan layin waya ba tsada gare shi ba, gobe sai ki ga baƙuwar lamba. Na ukun shi ya fi damuna: duk abin da ya aiko bayan kin toshe shi ba zai taɓa iso miki ba, ko da daga baya kin buɗe shi. In ya rubuta cewa ga shi nan tafe bayan Magariba, ke kina zaune ba labari. Mutumin da ya ce ya san gidanki, gara kunnenki na kansa.

Akwai tsaka-tsaki da nake yi yanzu. Ba na toshewa, sai in kashe ƙarar hirar in tura ta ma'ajiya. Saƙo na shigowa, shaida na taruwa, ni kuwa ba na ganinsa sai na ga dama. Amsa ɗaya tak nake bayarwa a rubuce, ba da murya ba: ciniki ya warware saboda ba a biya a kan lokaci ba, kada a sake tuntuɓata. Daga nan ko me ya ce, shiru.

Kai ƙara kuma tana da nata nauyi, ba zan ɓoye miki ba. Za ki rasa wuni, wataƙila biyu, ga kuɗin taksi, ga zaman jira a benci, ga mutanen gida masu cewa me ya kai ƴa mace komisariya a kan ƙyalle. Amma abin da take yi toshewa ba ta iya shi. Mai hura hanci a bayan waya, ranar da takardar sammaci ta same shi murya takan canza. Yana ganin kamar ba a san shi ba, alhali layin waya da takardar shaida ake rajistarsa, kuma in ya taɓa turo miki kuɗi ta Nita ko Amana, sunan da ya bayar na jikin rasit. A nan Yamai kina iya farawa da komisariyar unguwarku, akwai kuma sashen da ke kula da laifuffukan intanet a ofishin ƴan sandan bincike, wanda kowa ke ce wa PJ. Ki tafi da wayar kanta, ki tafi da yayanki ko wani babba na gida. In kuwa kika ga mutum yana shawagi a ƙofar gida, wannan ya wuce jiran gobe, ki kira ƴan sanda a lamba 17.

Nijar na da dokar laifuffukan intanet tun 2019, kuma a watan Yuni na 2024 an maido da hukuncin ɗauri a kan zagi da ɓata suna ta hanyar waya da intanet. Wannan wuƙa baki biyu gare ta. Na ga wasu sun ba ki shawarar ki sa hotonsa da lambarsa a status ki rubuta ɓarawo, kowa ya san shi. Kul. Bai ɗauki kayanki ba, ƙin biya ya yi. Ranar da kika kira shi ɓarawo a bainar jama'a, shi ma ya samu abin kai ƙara, kuma in kin rama ashar ɗinsa da murya, a gaban komishina ku biyun za a saurara.

Duk wadda kika zaɓa a cikin biyun, shaida ce gaba. Ki ɗauki hoton allo yadda lambarsa za ta fito, don in kin adana shi da wani suna kamar "mai shadda", sunan ne zai fito, ba wanda zai san ko wane ne. Ki ɗauki tayin da ya yi a gurup da lokacinsa. Ki yi sauri, domin mai saƙo na da wajen kwana biyu da zai iya goge shi daga wayarki, kuma in an kunna saƙonni masu ɓacewa ki kashe. Saƙon muryar nan ki kunna shi kina ɗaukar bidiyon allon da wata waya, a ji murya a ga lamba. In kin danna wurin kai rahoto ga WhatsApp, saƙonninsa biyar na ƙarshe suke karɓa, amma ki karanta abin da ya fito kafin ki amince, kada garin sauri ki goge hirar.

Ni a nan na ƙone. Wata shekara gab da ƙaramar Sallah na aika wa wani leshi zuwa Tawa a motar safe, ya karɓa da yamma. Washegari ya ce launin ba shi ne na hoto ba, in maido masa rabin kuɗi ko ya watsa hotona ya ce ni macuciya ce. Raina ya ɓaci, na toshe shi, na share hirar don kada in riƙa ganinta. Mako guda yana yawo da hotona a gurup-gurup ban sani ba, sai da wata ƙawata a Wadata ta miƙo min wayarta ta ce, "Ba ke ce wannan ba?" Na tashi neman hujja, ba ni da komai sai rasit ɗin kuɗi da ƴar takardar aika kaya da ta yamutse a jaka. Abin da ya cece ni shi ne admin ya tuna wanda ya sa shi a gurup, wannan kuma ya san kawunsa a kasuwar Tawa. Kira ɗaya dattijon ya yi, aka goge komai. Haƙurin da ya ba ni ma ta bakin kawun ya zo.

Shi ya sa ba na raina hanyar manya. Da yawa daga masu wannan hali akwai wanda suke jin kunyarsa, kuma garin nan in aka bi dangi da sana'a ba a rasa wanda ya san wani. Sai dai sulhu na aiki ne in an san mutum. In baƙo ne da ya shigo ta hanyar link, ba mai unguwar da za a je wa.

Wani ya kawo maganar eBay, shafin gwanjo na intanet, cewa can ba a irin wannan. Ana yi. Bambancin shi ne can kamfanin, wanda aka kafa a Amurka a 1995, shi ne dillali, yana karɓar la'ada yana tsayawa tsakani. Wanda ya ci tayi bai biya ba, bayan kwana huɗu mai kaya na iya soke cinikin. Mai kaya na iya hana mutum har 5,000 taya kayansa, kuma cewa "ka rage min ko in ɓata maka suna" laifi ne da ake kai rahotonsa. Duk da haka masu sayarwa na kuka, domin tun 2008 an hana su rubuta wa mai saye mummunar shaida, shi kuwa yana iya rubuta musu. Mu nan ba mu da dillali sai admin, wanda ba a biyansa ko dala, wani lokacin ma barci yake ana rigima.

A naki dai, ƙanwata, da ni ce ba zan toshe shi yau ba. Zan tara shaida a daren nan, in gaya wa mutanen gida don su san fuskar da za su lura da ita in akwai hotonsa, in sa admin ya cire shi, gobe da safe in tafi komisariya. Toshewa sai bayan an rubuta ƙarar. Kuma kafin gwanjon Asabar mai zuwa ki rubuta sharaɗi a saman gurup: wanda ya ci tayi ya ba da kafin alƙalami cikin awa 24, in ya wuce kaya na mai bi masa ne. Ki daina ba da kwatancen gida. Masu karɓar kaya su same ki a bakin Babbar Kasuwa ko shagon wani ɗan'uwa, na nesa kuma a kai musu tasha.