Portfolio Performance: Ta Iya Lissafin Riba, Amma Ba Ta San Naira Ba

Koren adadin da manhajar dillali ke nuna wa mai hannun jari a waya ba shi ne ribarsa ba. Galibi farashin yau ake ɗauka, a cire matsakaicin farashin saye, a ninka da yawan hannayen da suka rage. Kamashon sayarwa bai shiga ba, rabon ribar da ya faɗa asusun banki bai shiga ba, abin da aka sayar bara ya ɓace daga allon, balle a zo maganar faɗuwar Naira. Mai jari wuri guda zai iya haƙuri da haka. Amma ɗan kasuwar Agege ko ɗan canjin Broad Street da ke da hannayen MTN da Dangote Cement wajen dillali ɗaya, sukuk (takardun jari marasa kuɗin ruwa) wajen wani, ga 'yan hannayen Amurka a manhajar Bamboo, ba shi da allo ɗaya da zai gaya masa inda ya kwana.

Wannan giɓin ne Portfolio Performance ke cikewa. Manhajar kwamfuta ce ta kyauta, wani Bajamushe mai suna Andreas Buchen ya fara ta, tana aiki a Windows da Mac da Linux. Bayananka suna zama a fayil ɗaya cikin kwamfutarka, kana iya kulle shi da kalmar sirri, kuma ba sai da intanet za ka shigar da ciniki ba. Akwai ƙanwarta ta waya, amma ta duba sakamako ce, ainihin aikin sai a kwamfuta. Babu Hausa a harsunanta, da Turanci za a yi.

Ƙarfinta yana wajen auna riba, domin ma'auni biyu take bayarwa, kuma kowanne da tambayar da yake amsawa. A ɗauka mutum ya zuba Naira miliyan 1 a watan Janairu, zuwa ƙarshen Yuni jarin ya hau da kashi 50 cikin ɗari, ya zama miliyan 1.5. Daɗi ya kama shi, ya ƙara miliyan 5 a farkon Yuli. Kasuwa ta sauka da kashi 10 kafin Disamba ya ƙare, abin da ke hannunsa ya koma miliyan 5.85. Ma'aunin da take kira TTWROR, wanda ba ruwansa da lokacin da aka ƙara kuɗi ko aka cire, zai ce an ci ribar kashi 35. Ma'aunin IRR, mai la'akari da yawan kuɗin da ranar da suka shiga, zai nuna faɗuwar kusan kashi 4, domin mutumin ya zuba miliyan 6 ga shi da 5.85. Duka biyun gaskiya suka faɗa. Na farko yana cewa zaɓin hannayen ya yi kyau, kuma da shi ake gwada kai da ma'aunin NGX, wato kasuwar hannun jarin Najeriya. Na biyu yana cewa aljihu ya ji jiki. Duk manhajar da ta ba ka ɗaya ta ɓoye ɗaya, rabin labari ta ba ka.

Sai kuɗin ciniki, wanda mutane ke rainawa. A kasuwar Legas, idan dillali ya caji iyakar kamashonsa na kashi 1.35, aka haɗa da kason SEC, hukumar da ke kula da kasuwar, a saye, na NGX da CSCS, kamfanin da ke ajiye bayanan hannaye, a sayarwa, da kuɗin kan sarki da harajin VAT, saye yana cin kusan kashi 2, sayarwa ta ɗan haura 2. Shiga da fita ke nan sun lashe wajen kashi 4 kafin a fara maganar riba. Dillalin tumatir a Mile 12 ba ya kiran abu riba sai ya fitar da kuɗin mota da na 'yan dako da la'ada, to haka nan ma. A tagar saye da sayarwa manhajar ta ware gurbin caji daban, na haraji daban. Ka ɗauko takardar cinikin da dillali ke turowa, ka kwafe yawan hannaye da farashi da caji, sannan ka tabbata jimillar ƙasa ta yi daidai da tasa har kobo. In ba ta yi ba, kada ka wuce.

Misali zai nuna yadda abin ke sauya lissafi. An sayi hannaye 10,000 a kan ₦20, da caji suka tashi ₦203,700. Daga baya aka ƙara 10,000 a kan ₦30, suka tashi ₦305,550. Aka sayar da 10,000 a kan ₦35, bayan caji aka karɓi ₦342,400. Lissafin da aka yi da ka zai ce ribar ₦100,000 ce. Idan aka bi tsarin FIFO, wato waɗanda aka fara saye su aka fara sayarwa, ribar ₦138,700 ce. Idan aka bi matsakaicin farashi, ₦87,775 ce. Manhajar tana nuna hanyoyin biyu gefe da gefe, kuma bambancin bai ɓata ba, yana nan kwance a cikin hannayen da suka rage. Wannan ya daina zama lissafin nishaɗi tun da dokar kuɗi ta 2021 ta ɗora harajin kashi 10 a kan ribar sayar da hannun jari idan cinikin wata 12 ya kai Naira miliyan 100. Sabuwar dokar haraji da ta fara aiki a Janairun 2026 ta yafe wa wanda cinikinsa bai kai miliyan 150 ba kuma ribarsa ba ta wuce miliyan 10 ba. Manhajar ba ta lissafa harajin Najeriya, tarihin saye kawai take ajiye maka, don haka a zauna da akanta kafin a tsaya a kan hanya ɗaya, in an tsaya kuma kada a riƙa sauyawa.

Inda ta gaza shi ne Naira. Farashin canjin da take saukowa da shi da kanta na Babban Bankin Turai ne, shi kuwa bankin ba ya fitar da farashin Naira. Wanda jarinsa duka na Naira ne ba zai ji komai ba. Mai haɗa Dala da Naira kuwa dole ya ƙirƙiri farashin canjin da hannunsa, ta hanyar buɗe sabon abin da ta kira "Exchange rate", ya sa Dala a gefe ɗaya Naira a ɗaya, ya riƙa ciyar da shi da alƙaluma. Gwajin mai sauƙi ne: idan hannayen Dala 1,000 suka bayyana a rahoton Naira da wani ɗan adadi na ban dariya, canjin bai zauna ba, kuma duk wani kaso da ta nuna maka shirme ne.

Wane farashi za a sa, na hukuma ko na 'yan canji? A kowane ciniki dai a sa farashin da aka biya da gaske, wanda ke kan rasit. Wajen kimanta darajar yau kuma a zaɓi tushe ɗaya a zauna a kansa. Kafin Yunin 2023 tazarar da ke tsakanin farashin biyu babba ce, ta yadda wanda ya sayi Dala a kasuwa amma ya kimanta da na hukuma zai ga asarar ƙarya tun ranar farko, sannan ya ga ribar ƙarya ranar da Babban Bankin Najeriya ya saki Naira.

Wahalar tana biyan kuɗin sabulu, domin da zarar canjin ya zauna sai ta ware maka ribar da ta zo daga hawan hannun jarin da wadda ta zo daga canji. Hannun da aka saya Dala 100 lokacin da Dala take ₦460, ya sauka zuwa Dala 90 lokacin da ta kai ₦1,500, a Naira ya tashi daga ₦46,000 zuwa ₦135,000. Ga ido riba ce mai tsoka, alhali kamfanin faɗuwar kashi 10 ya yi, Naira ce ta zube. A juya lissafin kuma: ma'aunin NGX ya hau da kusan kashi 46 a 2023, amma a shekarar Dala ta tashi daga wajen ₦460 zuwa wajen ₦900 a farashin hukuma, wato mai auna dukiyarsa da Dala ya rasa kusan kashi ɗaya bisa huɗu. Ga mai shigo da kaya ta Apapa ko mai tara kuɗin kujerar Hajji, wannan lissafin ne ya fi shafarsa. Hauhawar farashi ma haka, ta kai kashi 34.8 a Disambar 2024, kuma alƙaluman tsadar kaya da manhajar ke iya saukewa na ƙasashen Turai ne. Na NBS, hukumar ƙididdigar Najeriya, sai an shigar da hannu, tare da lura cewa hukumar ta sauya shekarar tushe a farkon 2025.

Farashin hannayen NGX ma kada a sa rai zai riƙa shigowa da kansa kamar na Apple. Ana iya rubuta shi da hannu daga jerin farashin da kasuwar ke fitarwa kullum, ko a loda fayil ɗin CSV, wato jadawalin alƙaluma irin wanda ake fitarwa daga Excel. Sau ɗaya a ƙarshen wata ya ishi mai dogon zango, sai dai a ƙara farashin ranar da aka zuba kuɗi masu yawa ko aka cire, in ba haka ba TTWROR zai karkace. Wajen loda CSV akwai tarko: Jamusawa da waƙafi suke raba Naira da kobo, mu da aya. In aka bar zaɓin a kan nasu, ₦1,500.00 zai shiga a matsayin wani abu dabam. A duba tsarin lamba da na kwanan wata kafin a danna gama.

Bonas da sake fasalin hannaye su ne inda ƙwararru ma ke tuntuɓe. Idan kamfani ya ba kowa hannu ɗaya a kan kowane goma, kasuwa tana rage farashin daidai da haka, ba wanda ya ƙaru da kobo. Ana shigar da shi ta tagar "Stock split", wato raba hannaye, da rabon 11 a madadin 10. Haka za a bi da na Transcorp, wanda a 2024 ya dunƙule kowane hannu huɗu ya zama ɗaya. Aibin tagar shi ne tana komawa baya ta sake rubuta tsoffin cinikayya da sabon adadi, sai ka ga tarihinka bai ƙara dacewa da tsoffin takardun CSCS ba, don haka a ajiye kwafin fayil kafin a taɓa shi. Na MTN daban ne: waɗanda suka saya a tayin Disambar 2021 a kan ₦169 suka riƙe wata 12 sun samu hannu ɗaya a kan kowane 20, kuma ba kowane mai hannun jari ya samu ba. Wannan ba rabawa ba ce, a shigar da shi a matsayin "Delivery" mai shigowa, da jimillar kobo ɗaya. In aka sa masa farashin kasuwa, manhajar za ta ɗauka sabon kuɗi ka kawo daga aljihu, ribar ta ɓace. Hannayen gado kuwa akasin haka ne, a sa musu darajar ranar da suka zama naka, in ba haka ba za ta lissafa maka duka a matsayin riba.

Tayin ƙarin hannaye ga tsoffin masu jari, irin wanda bankuna suka yi ta yi bayan umarnin ƙara jari da Babban Banki ya ba su a Maris 2024, saye ne kawai. Na Access Holdings, hannu ɗaya a kan kowane biyu a ₦19.75, a rubuta shi da ranar da kuɗin suka fita, ba ranar da hannayen suka bayyana a CSCS ba, domin IRR kwanaki yake ƙirgawa.

Rabon riba yana da nasa tarkon. A rubuta cikakken adadin da kamfani ya ayyana, a sa kashi 10 da aka cire a gurbin haraji, ko kashi 30 in hannun Amurka ne. Sannan rijistara, wato mai riƙe rajistar masu hannun jarin kamfani, asusun banki yake tura kuɗin, ba asusun dillali ba. In ka rubuta shigarsa ba ka rubuta fitarsa ba, tsabar kuɗin da babu su za su yi ta taruwa a manhajar suna jan kason ribarka ƙasa. Kowane rabon da aka kashe a cefane, a bi shi da "Removal", wato cire kuɗi, a rana guda. A kuma lura cewa ribar hannu ɗaya-ɗaya tana fitowa kafin haraji, ta jarin gaba ɗaya bayan haraji, shi ya sa ba sa haɗuwa in an tara.

Sukuk ba shi da gurbin kansa. Ana buɗe shi kamar hannun jari, kowane guda ₦1,000, kuɗin hayar da DMO, ofishin kula da basussukan gwamnati, ke biya sau biyu a shekara a shigar da shi kamar rabon riba. In aka ga farashin kasuwa 92, kashi 92 na darajar asali ake nufi, a rubuta ₦920. Mai fitar da zakka zai ji daɗin rahoton dukiya, don yana nuna darajar komai a duk ranar da ka zaɓa, har da ranar da shekararka ta zagayo.

Mai hannaye uku ko huɗu na Naira zalla bai buƙaci duk wannan ba, Excel da lissafin XIRR, wato IRR ɗin da ke cikinta, sun ishe shi. Mai son haɗa littafin shago da albashin yara da jari wuri guda, GnuCash ta fi masa, ko da yake ba ta kai wannan ba wajen auna riba. Wanda zai ɗauki Portfolio Performance ya shirya wa zaman shigar da tarihi da hannu, domin mai karanta takardun PDF ɗinta bankunan Turai ya fi sani. Kafin ya yarda da kowane kaso, ya nemi takardar bayanin CSCS ta kwanan nan da ta kuɗinsa da ke wajen dillali, ya gwada yawan hannayen kowane kamfani da ragowar tsabar kuɗi. In suka saɓa ko da hannu ɗaya ne, ya fara bincike daga bonas da tayin ƙarin hannaye, a nan aka fi samun abin da aka manta.