Duwatsun Idanre ko Dutsen Patti na Lakwaja: wanne za a fara zuwa?

Ɗan'uwanmu da ke zaune a Abuja ya yi tambaya a wannan zaure cewa yana da hutun kwana uku, yana son ya kai iyalinsa hawan dutse a wurin da ke da daji da kayan tarihi, kuma an ba shi sunaye biyu: Duwatsun Idanre a Jihar Ondo da Dutsen Patti a Lakwaja. Ya ƙara da cewa mahaifinsa, wanda ya manyanta, zai kasance a cikin tafiyar. Malam, wuraren nan biyu sun yi kama da juna a hoto, amma abin da kowannensu yake nema daga jikin mutum, da abin da yake ba shi, sun sha bamban ƙwarai.

Babban bambancin shi ne inda tarihin yake. A Idanre tarihin yana can saman dutse, sai wanda ya hau zai gan shi. Mutanen garin sun shafe ɗaruruwan shekaru suna zaune a wani fili da duwatsu suka kewaye, saboda kariyar da wurin yake ba su a zamanin yaƙe-yaƙe, kuma sai daga shekarun 1920 suka fara saukowa ƙasa, bayan hankali ya kwanta, noman koko da hanyar mota sun ja su zuwa gindin dutsen. Abin da suka bari a sama shi ake kira Oke Idanre, kuma har yanzu ana ganin tsohuwar fadar sarkinsu, wanda ake kira Owa, da ginshiƙanta na itace masu sassaƙa, da tsohuwar kotu, da ginin makarantar farko, da kufan gidajen ƙasa. Akwai wata ƙorama da suke kira Arun, akwai kuma wani rami a jikin dutse mai siffar sawun ƙafa da suke danganta shi da wani magabacinsu mai suna Agboogun, wanda 'yan rakiya ke cewa yana yi wa ƙafar kowa daidai in ban da maye. Wannan tatsuniya ce ta mutanen wurin, amma yara kan ji daɗinta. A shekarar 2007 aka sanya wurin cikin jerin wuraren da Nijeriya ke neman hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihi na duniya.

Kafin a kai ga duk wannan sai an taka matakala fiye da 600, da wuraren hutawa biyar a kan hanya, kuma ƙarshen matakalar ba shi ne ƙarshen tafiya ba, domin daga nan sai a bi ta kan falalen dutse da cikin itatuwa kafin a zagaya tsohon garin. Matashi mai lafiya zai yi shi ba tare da damuwa ba, in dai ya fita da sassafe kuma ya riƙe ruwa. Dattijon da gwiwa ke damunsa kuwa, ko mai hawan jini, ban ga dalilin da zai sa a ɗora masa wannan ba, musamman da yake saukowa ta fi hawa cin gwiwa.

Dutsen Patti akasin haka yake. Tsayinsa ya haura mita 450 kaɗan, samansa shimfiɗaɗɗe ne mai faɗi, kuma akwai titi da ke hawa har can, don haka mai son motsa jiki ya taka da ƙafa, mai rauni ya bi da mota su haɗu a sama. Abin tarihin da ke kan dutsen bai da yawa: ɗan ƙaramin gidan hutawa ne da ake danganta shi da Gwamna Lugga, sai dogayen turakun sadarwa na zamani da suka ɗan rage wa wurin kwarjini. Abin da ake hawa dominsa shi ne kallo, domin daga can ake hango inda Kogin Kwara da Binuwai suka haɗu, da garin Lakwaja gaba ɗaya a shimfiɗe a bakin ruwa. Za a gaya muku cewa a nan Flora Shaw, wata 'yar jarida Baturiya, ta tsaya ta raɗa wa Nijeriya suna. Abin da yake tabbas shi ne ta kawo shawarar sunan a wani rubutu da aka buga a jaridar The Times ta Landan a watan Janairun 1897, kuma ba ta auri Lugga ba sai 1902, saboda haka maganar tsayuwa a kan dutse a ɗauke ta a matsayin labarin baka.

Tarihin Lakwaja na gaske yana gindin dutsen, kuma a nan ne nake ganin ta fi Idanre kusa da zuciyar Bahaushe. A wannan gari aka ɗaga tutar Ingila ranar 1 ga Janairun 1900, lokacin da gwamnatin Birtaniya ta karɓi Arewa daga hannun kamfanin Royal Niger. Nan kuma Turawa suka riƙa kai sarakunan da suka tuɓe. Sarkin Kano Alu, wanda aka kama a 1903, an fara kai shi Yola kafin a mayar da shi Lakwaja, inda ya rasu a 1926. Sarkin Zazzau Kwasau ma can aka kai shi, haka nan Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, malami kuma mawaƙi, wanda ya rasu a can a 1924. Kaburburansu suna cikin gari, a wajen unguwar Kabawa, kuma mutum zai iya zuwa ya yi musu addu'a. Dattijon da ya tashi yana jin labarin Alu da zuwan Nasara zai fi samun abin tunawa a nan fiye da a fadar Owa. Ga kuma makabartar Turawa da makarantar Holy Trinity da aka kafa a 1865 a zamanin Bishop Ajayi Crowther.

Ta fuskar daji da kyan wuri kuwa, Idanre ta yi wa Patti nisa. Manyan duwatsu ne masu sulɓi da suka kewaye gari ta ko'ina, da kurmi a tsakaninsu da gonakin koko a ƙasa, kuma iskar saman tana da sanyi. Patti yana da itatuwa a gangarensa, amma Lakwaja gari ne mai tsananin zafi da gumi, wanda ya hau da ƙafa bayan hantsi zai gane hakan.

Nisa ma abin dubawa ne. Daga Abuja zuwa Lakwaja kimanin kilomita 200 ne, Idanre kuwa sai an wuce Lakwaja, an bi ta Okene da Owo zuwa Akure, sannan a ƙara 'yar tafiya ta kilomita 20 da ɗoriya. A hutun kwana uku, kusan biyu za su tafi a kan hanya idan Idanre aka nufa. A yi tafiyar da rana, kuma a tambayi halin tsaron hanya kafin a tashi.

Game da lokaci, watan Nuwamba ya fi dacewa da duka biyun. Da damina dutsen Idanre yana santsi, kuma ambaliyar 2012 da ta 2022 duk sun datse hanyar Abuja zuwa Lakwaja a ƙarshen damina. Idan kuma aka jira hunturu ya kankama, hazo zai rufe mahaɗar kogunan, a hau Patti a sauko ba a ga abin da aka je gani ba.

Shawarata ita ce, tunda Baba yana cikin tafiyar kuma kwanakin uku ne, ku nufi Lakwaja: ku hau Patti da sassafe, matasa a ƙafa, shi a mota, da yamma ku ziyarci kaburburan sarakuna da bakin kogi. Idanre a bar ta sai an samu kwana huɗu ko biyar da abokan tafiya masu ƙarfin gwiwa, a kwana a Akure, a nemi ɗan rakiya daga mutanen garin, domin akwai wuraren ibadarsu na gargajiya a saman da ba a yarda baƙo ya shiga ba.