Horon gane yaron da ake ƙuntata wa: akwai amfani, amma takardarsu ba ta san kunya ba

Horon yini guda ne da wata ƙungiya ke shirya wa malaman nazare da masu renon yara a cikin garin Kaduna, kan gane yaro ɗan shekara 2 zuwa 6 da ake cutarwa ba da bulala ba: tsawa kullum, gori, zagi, kullewa a ɗaki, ko a share shi kamar ba ya gidan.

Sun fi ƙwarewa a darasin lura. Malama ta tsaya bakin ƙofa lokacin tashi: yaron ya ruga wurin wanda ya zo ɗaukarsa, ko ya sandare yana karantar fuskarsa? Ta kuma saurari wasan 'yar tsana, domin yarinyar da ke ce wa tsanarta "mara amfani, kin ishe ni" ba ita ta ƙirƙiro kalaman ba. Sai komawa baya: fitsarin kwance bayan an daɗe da dainawa, tsotson yatsa, buga kai a bango, ba da haƙuri tun ba a yi magana ba, liƙe wa duk baƙon da ya yi masa murmushi.

Sun dage cewa alama ɗaya ba ta isa hujja ba, kuma gaskiyarsu. Yaye, sabon ƙane, rasuwa, matsalar ji ko ciwon mafitsara duk suna kawo irin haka. A riƙa rubuta kwanan wata da ainihin kalaman yaron na makonni, kada a tsare shi da "wa ya yi maka?", don yaro kan faɗi abin da yake ganin ana son ji.

Takardar tantancewarsu, wadda ke jera alamun da malama za ta duba a yaro, ita ce matsala. Ta sa rashin kallon babba ido cikin ido a jerin alamu, alhali a nan tarbiyya ce. Mai kunya yakan sake idan ya shiga cikin sa'o'insa, mai tsoro ba ya sakewa, kuma ba a bambance wannan ba. Agola da ɗan riƙo ma a gurguje aka wuce su.

Batun miƙa rahoto minti kaɗan ya samu. Sun ambaci dokar kare yara ta jihar ta 2018 da asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa, amma ba su koyar da yadda malama za ta tunkari iyaye ba tare da an huce a kan yaron da daddare ba. Ya kamata shugabar makaranta ta tambayi wannan kafin ta biya kuɗin horon.